Ladan Mai Wayar Tsakiyar Ruwa

Ladan ɗan Ɗangana sunan kakansa ya ci, wanda ya shekara talatin yana kiran salla a wani tsibiri da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kwara a Kainji. Bai gaji karatun kakan ba, bai gaji tashin asubarsa ba. Murya kaɗai ya gada. In ya ce wa matarsa Indo ta miƙo masa buta, sai matan gida uku sun waiwaya sun dubi tasu butar.

A Warra aka haife shi, bayan an kwaso mutanensu daga tsibirin an zube su a bakin ruwa. Ubansa masunci, baffanninsa masunta, ƙannen uwarsa ma da koma suka tashi. Shi kaɗai ruwa ya ƙi. Ranar farko da Ɗangana ya ɗauke shi su, ba a yi nisan jifa daga gaɓa ba ya kwanta a cikin jirgi ya rungume ƙafar ubansa, ya amayar da kunun safe, yana rantsuwa da Allah ƙasa tana juyawa. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana dawowa da shi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da ya girma sai ya sake wa labarin riga, ya ce shi dama bai ga abin so a sana'ar da mutum zai wuni yana warin ƙarni ba, alhali ya yi aji shida na firamare.

Shekarar da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, ofisoshi suka yi ta tsirowa, Ladan ya sami aikin masinja a ɗaya daga cikinsu a Yelwa. A kan teburin shugaban ofishin akwai wata baƙar tarho mai igiya, wadda takan yi ƙara sau biyu ko uku a mako in ta ga dama. Da ta yi ƙara, ko Ladan yana ƙofar waje yana cin rogo, shi zai riga kowa isa. A nan ya haddace duk Turancin da ya rayu da shi daga baya: halo, hol on, oga no de, yas, oke. Shekara tara ya yi. Abin da ya raba shi da aikin, wata Laraba ce shugaban ya dawo ɗaukar hularsa da ya manta, ya tarar da Ladan a kan kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gaya wa wani a waya cewa zai duba maganarsa in ya sami sukuni.

Ya dawo Warra da Indo da akwati ɗaya. Ba a jima ba Ɗangana ya rasu, ya bar masa babban jirgi mai inji. Jirgin ya zauna a ɗaure a gaɓa, kwaɗi suna aure a cikinsa, Ladan kuwa yana gindin mangwaron bakin kasuwa yana yi wa masunta bayanin yadda ake tafiyar da gwamnati.

Wata rana ya je Yelwa ɗaurin aure, ya ga abin da ya hana shi sakat. A bakin tasha, a ƙofar kasuwa, a gaban asibiti, ko'ina ga mutum zaune ƙarƙashin laima, da ɗan tebur, da wata 'yar waya marar igiya. Fatake sun yi layi, kowa ya karɓa ya kira Legas ko Kano ko Anacha, ya tambayi yadda kasuwa take, ya biya ya tafi. Ladan ya tsaya ya fi awa yana kallo. Abin da ya fi ci masa rai, masu laimar nan yawancinsu ko halo ba su iya faɗa da kyau ba.

Ya koma gida ya sayar da jirgin ubansa da injinsa don ya sayi waya. Wanda ya saya Garba ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar Ɗangana, matuƙin jirgin fito wanda tun suna yara bai taɓa barin Ladan ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba.

"Kai dai ka tabbata?" in ji Garba, yana shafa injin. "Jirgin kawu guda za ka musanya da 'yar waya kamar sabulun wanka?"

"Kai da ruwa anka yi ku," Ladan ya ce. "Ni da iska zan yi aiki. Nan da shekara, in za ka yi magana da ni sai ka cika takarda."

Ranar kasuwar Warra ya kafa laimarsa a bakin ruwa, inda ake sauke kifi. Ya sa an rubuta masa allo: Ladan Kominikeshin. Jama'a suka taru, har sarkin kasuwa ya zo aka ba shi benci. Aka zaɓi wani dillalin albasa ya yi kiran farko zuwa ga ɗan'uwansa a Ibadan. Ladan ya gyara hula, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya kara a kunne. Shiru. Ya duba gilashin wayar. A Yelwa ya ga wasu 'yan tsinkaye huɗu a gefe, waɗanda mai sayarwa ya ce su ne sabis. A nan ko rabin tsinke babu.

Ya hau kan tebur. Ya hau kan lodin wata mota. Ya sa aka kawo tsani ya hau mangwaro, ya ɗaga hannu sama yana juya wayar gabas da yamma, jama'a a ƙasa suna bin hannunsa da ido. Sarkin kasuwa ya jira har azahar, sannan ya ce a mayar wa mai benci da bencinsa.

Mako uku Ladan yana yawo da hannu a sama. Babu tudu, babu suri, babu rufin da bai hau ba tsakanin Warra da hanyar Ngaski. Wata rana Indo tana dakan yaji ta rasa abin danne bakin tabarma, ta ce, "Malam, in ba ka aiki da abin nan, ara min."

Garba ne ya gano inda sabis yake, kuma ya riƙe labarin kwana biyu a cikinsa don daɗi. Wani malamin asibiti ya ɗauko daga ƙetare, suna tsakiyar ruwa sai waya ta yi kuka a aljihun malamin. Ashe akwai wani ɗan fili a kan ruwan, bai fi faɗin masallacin unguwa ba, inda sabis yake tsallakowa daga wata eriya mai nisa. Rana ta uku Garba ya zo gindin laimar ya tsuguna.

"Taubashi, na ga iskar taka."

"Ina?"

Garba ya nuna da leɓe. Ladan ya bi leɓen da kallo, ya wuce gaɓa, ya wuce jiragen da ke ɗaure, ya wuce inda yara ke iyo, har can inda ruwa ya yi baƙi.

"Ƙarya kake."

"To. Ni dai jirgina yana nan. Mai kyau ne, gun wani wawa na saye shi."

Haka Ladan ya koma cikin jirgin ubansa a matsayin ɗan haya. Garba ya ɗaura wata tsohuwar jarka a jikin dutse ya nutsa dutsen a wurin, jarkar tana yawo a sama, aka riƙa kiranta ofis. Duk ranar kasuwa sawu uku ake yi. Masu kira su shiga su zauna a jere, Ladan ya zauna daɓas a ƙasan jirgi, dab da tsakiya, hannu ɗaya ya ƙanƙame katako, da ɓarin lemun tsami a kumatu saboda tashin zuciya. Wayar tana cikin leda, ledar tana ɗaure da igiya a wuyansa.

Doka ɗaya ya kafa: ba mai taɓa waya sai shi. Ya ce hannun masu kifi yana da maiƙo, maiƙo kuwa yana toshe sabis. Mai kira zai faɗa wa Ladan, Ladan ya faɗa wa waya, in an amsa ya juyo ya faɗi abin da aka ce. Tsinke ɗaya ake samu a zaune. Garba ya sha gaya masa in ya miƙe tsaye zai sami biyu, amma Ladan ya gwammace ya cike gurbin ɗayan da maƙogwaro.

Magana kuwa a kan ruwa tafiya take yi. Ba a yi wata guda ba masunta suka gano cewa babu wurin jefa birgi, komarsu ta kamun kifi, da ya kai kewayen jarkar nan albarka, ba don kifi ba. Wani falken shinkafa ya taso tun daga Shanga don ya gaya wa abokin cinikinsa na Kwantagora, a asirce, sunan ƙauyen da ya samo shanshera, shinkafa mai ɓawo, da araha. Ya raɗa wa Ladan a kunne. Ladan ya buɗe baki ya faɗi sunan ƙauyen sau uku, saboda iska. Kafin falken ya koma, motoci biyar sun riga shi isa.

Duk da haka kasuwa ta buɗe, don babu wata wayar. Aka fara ce masa Injiniya, da wasa da farko, daga baya har da gaske. Ya sayi tabarau, ko da yake idonsa lafiya lau. Ya kuma gano wani daɗi da bai taɓa sani ba: magana ba ta wucewa sai ta bakinsa. Wanda ya gaishe shi da ladabi a gaɓa, saƙonsa yakan isa da zuma. Wanda ya taɓa yi masa dariya a kan mangwaro, in ya ce a gaya wa mai mota ya yi haƙuri ya jira gobe, abin da mai mota zai ji shi ne, "Ya ce in ka gaji ka tahi."

A cikin masu zuwa akwai Uwani, shugabar mata masu banda. Ta haura hamsin, hayaƙi ya rina mata ido da tafin hannu, ba ta da yawan magana. Mata goma sha biyu ne ke bin bayanta. Shekara da shekaru suna aika banda Anacha, wurin wata 'yar kasuwa da kowa ke kira Madan, wadda ba wanda ya taɓa gani. Direba ne ke kai kaya ya dawo da saƙo. Wata rana direban ya kawo 'yar takarda da lambar Madan, Uwani ta ƙulle a haɓar zane ta shigo jirgi.

"Ibo ce," in ji Ladan da ya karɓi takardar. "Ba ta jin Hausa. Allah ya so ku da ni, Inna Uwani."

Ya danna. Aka ɗauka.

"Halo! Halo! Madan! Na mi, Ladan, Warra! Fish! Falanti fish!"

Muryar mace ta yi wani Turanci mai sauri, wanda Ladan bai tsinci ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Ta ɗan tsaya. Sai ya ji, tar kamar tana zaune kusa da shi: "Malam, daga Warra? Yi min Hausa mana, ina ji."

Ladan ya ƙara danne wayar a kunne. Ya dubi matan nan sun zuba masa ido, baki a sake, suna mamakin ɗan Ɗangana yana zuba Turanci da mutanen Kudu. In ya ce tana jin Hausa, gobe Uwani za ta ce a ba ta ta yi da kanta, jibi kowa ya ce haka, shi kuma ya koma mai riƙe leda.

"Yas!" ya daka tsawa. "Yas, Madan! Oke! Hol on!"

Haka aka yi wata bakwai. Madan tana yi masa Hausa, yana amsa mata da yas. Abin da ta faɗa yana kawowa, galibi daidai, sai dai yakan goge gumi bayan kowane kira, ya ce Turancin Anacha nauyi gare shi.

Ranar da abin ya lalace, damina ce, hadari ya haɗo daga gabas da hantsi. Jirgi cike. Kafin su isa jarka ruwa ya fara tashi yana marin gefen jirgi, lemun tsamin Ladan ya daina aiki. Matan suna da bandar mako uku a jibge, tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, ƙwari sun fara leƙa ta. A gaɓa kuma ga masu saye daga Yelwa suna jira da motarsu.

"Ɗan Ɗangana," Uwani ta ce, "tambaye ta. In tana so mu loda mata. In ba ta so, mu ba mutanen Yelwa tun ba su tahi ba."

Ladan ya dubi gilashi. Babu tsinke. Ya karkata, ya ɗaga, ya girgiza. Babu. Ya san abin da zai biyo baya in ya faɗa: za su ce a jira, ko su ce Garba ya ƙara gaba, can cikin baƙin ruwa. Wata igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta sake shi, cikinsa ya taho har maƙoshi. Sai ya kara matacciyar waya a kunne.

"Halo! Madan! Yas! Fish de! Eh? Oke, oke! Yas!"

Ya yi shiru yana gyaɗa kai kamar mai saurare, har da ɗaure fuska. Sannan ya sauke.

"Ta ce a kawo duka. Babu kihi Anacha, ko na miya. Garba, juya mu tahi."

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. A gaɓa suka sallami mutanen Yelwa, suka shiga ɗaure kwanduna. Ladan yana zaune a kan yashi yana jiran ƙasa ta daina motsi, sai ya ji Uwani tana cewa tunda kayan da yawa, wannan karon da kanta za ta raka su, ta ga Madan ɗin nan ido da ido.

Ya taso da sauri. Ya ce mata hanya ba kyau. Ya ce akwai 'yan fashi bayan Lakwaja. Ya ce abincin can ba ya karɓar tsofaffi. Uwani ta ce ta gode, ta hau gaban mota.

Ya yi niyyar komawa jarka kashegari ya kira Madan da gaske, ko da Hausa ne, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Amma iska ta kwana uku tana kaɗawa, kullum in ya zo gaɓa ya dubi ruwan sai ya ce gobe. Rana ta huɗu ya ce ai yanzu sun riga sun isa. Ya daina cin abinci sosai. Ya fara tambayar Indo ko tana ganin zaman Kwantagora zai karɓe su.

Kwana tara Uwani ta dawo. Ta biyo ta gaban laimarsa, ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi Indo, har ta ba shi tsarabar burodi. Ladan ya bi ta da kallo har ta shige lungu. Ya kwance burodin ya cinye rabi a zaune. Kafin la'asar ya gama shawo kan kansa: ashe da gaske babu kifi a Anacha. Ashe abin da ya faɗa haka yake. Da Garba ya zo ɗaure jirgi, Ladan ya kira shi.

"Taubashi, aikin ga ba duka ne sai da sabis ba. In mutum ya daɗe cikinsa, akwai abin da yake ji a jikinsa."

Garba ya dube shi, ya ce, "Haka ne," ya tafi. Da Ladan yana da hankalin lura, da wannan ya tsorata shi, don Garba bai taɓa ce masa haka ne ba tun da aka haife su.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ruwa ya kwanta lumui. Uwani ta shiga sawun farko, matanta kuma suka biyo a ƙananan jirage uku, sun ce iska suke sha. Masunta na nan a wurinsu na kullum. Aka isa jarka, Garba ya kashe inji, Ladan ya fara kwance leda.

"Bari, ɗan Ɗangana," in ji Uwani. "Yau ka huta."

Ta kwance haɓar zane ta fito da waya, sabuwa fil, ta fi tasa ƙanƙanta. Ta danna da babban yatsanta mai baƙin hayaƙi, a hankali, tana motsa leɓe. Ta sake danna wani wuri, sai ƙarar kira ta fito fili kowa yana ji. Ta miƙe tsaye a cikin jirgin ta ɗaga ta.

"Salamu alaikum, Yaya Uwani, kun isa ruwan?"

Hausa ce tsantsa, irin ta bayan tashar Yelwa, inda aka haifi Madan ta yi shekara goma sha tara kafin a kai ta Kudu aure. Jiragen suka matso.

"Mun iso. Ga mata na ji, ga maza na ji. Hwaɗa musu abin da kika hwaɗa min."

Madan ta faɗa. Ranar da aka ce ta ce a kawo kifi, tana ƙauyen mijinta wurin binne surukinta, wayarta a kashe cikin jaka. Kasuwar Anacha kuwa a makon nan cike take da banda daga ko'ina, har ana rasa wurin ajiyewa. Uwani ta kwana huɗu a tasha a kan kwandunanta, cikin ruwan sama, ba ta san kowa ba, kafin a samo Madan. Da aka kwance kayan, kashi ɗaya cikin uku gari ne da ƙwari, sai zubarwa aka yi.

Matan nan kowacce ta san yawan itacen da ta ƙona da yawan hayaƙin da ta shaƙa a kan kifin nan.

"Mai ihun yana kusa?" in ji Madan. "Ku gaishe min shi. Wata bakwai ina yi mai Hausa yana ce min yas. Har na ɗauka kurma ne."

Wani masunci ya fara dariya, ta bazu jirgi zuwa jirgi. Matan ba su yi ba.

"Wagga ba Madan ba ce!" Ladan ya ce. "Na san muryar Madan! Wayar ga jabu ce, an haɗa baki ne!"

Cikin zafin rai ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya miƙe tsaye a cikin jirgi. Ya nuna Uwani da yatsa, jirgi ya karkata, ya taka gefen babbar rigarsa, sai ji aka yi tsundum.

Da ya ɓullo, hula ta tafi, tabarau ya tafi, amma hannunsa na dama yana sama da leda a ciki. Ya nutse ya sake ɓullowa, hannun bai sauka ba. Garba ya jingina da inji ya tambayi jama'a ko akwai mai sauri, ko a ɗan jira. Uwani ce ta sunkuya, ta zare igiyar daga wuyansa, ta karɓe wayar da hannunta mai maiƙo ta ajiye a kan cinya, sannan ta ce, "Ciro shi, ɗan mutane ne." Garba ya kamo wuyan rigar ya jawo shi kamar giwan ruwa.

Ba su kai shi ƙara ko'ina ba. A gaɓa Uwani ta miƙa masa wayarsa a bushe. Daga ranar kowace mace ta riƙa kara wayar Uwani a kunnenta tana magana da bakinta. Maza suka bi sahu. Ladan ya rage da baƙin da suka zo daga nesa ba su ji labari ba, su ma kafin su isa jarka Garba ya gama ba su labarin. A rumfunan banda kuma aka sami sabon suna: duk kifin da ƙwari suka cinye cikinsa ya bar fata, yas-yas ake ce masa. Indo da kanta in ta je cefane sai ta ce, "Kar ki sa min yas-yas," sannan ta tuna inda sunan ya samo asali.

Shekara ta zagayo, wani kamfanin waya ya kafa eriya a bayan gari, doguwa, da shingen waya da janareto. Sabis ya shiga har ɗakunan kwana. Waya ta yi araha, har masu tallan ƙuli-ƙuli suka saya. Ladan ya naɗe laimarsa. Amma da kamfanin ya nemi mai gadin rana, shi ya fara isa, ya ce wa wanda ya zo ɗaukar ma'aikata yas sau uku da oke sau biyu, aka ba shi riga mai maɓallai da benci a ƙofar shinge.

Wata guda ya yi yana kame bakinsa. A na biyu wani manomi daga Ngaski ya tsaya ya tambaye shi ko shi ne mai kula da abin, Ladan ya ce, "To, ana taɓawa." A na uku ya fara bayyana wa masu wucewa cewa da safe yakan ƙara sabis saboda 'yan kasuwa, da rana ya rage don kada ƙarfe ya yi zafi. Mutanen Warra sun san shi, amma mutanen ƙauyuka ba su sani ba, kuma ko a Warra akwai masu cewa wa ya sani. Aka fara ajiye masa goro. Wani mai shago da ke ƙorafin sabis ba ya kai ƙuryar shagonsa ya kawo masa kaza. Ladan ya karɓa, ya ce zai ɗan juyo masa da eriyar.

Sai janareto ya tsaya. Motar da ke kawo masa mai ba ta zo ba, sabis ya ɗauke ɗif, kwana ɗaya, biyu, uku. Rana ta huɗu ta faɗo ranar kasuwa. Fatake sun yi lodi ba su san inda za su nufa ba, direbobi na jiran kiran da ba ya shigowa. Da hantsi suka ɗunguma bayan gari, mai kaza a gaba.

"Malam Ladan, kunna muna."

Ya ce umarni ne daga sama. Suka ce ya kunna na awa ɗaya, ba mai faɗa wa sama. Ya ce ƙarfe na hutawa. Wani direba ya cafki rigar mai maɓallai, maɓalli biyu suka tashi, wani ya ɗauke bencin, aka fara tura shi jikin ƙofar shinge ana cewa ya fito da makulli.

"Wallahi ba ni da makulli!" Ladan ya ce. "Tallahi ban taɓa shiga ciki ba! Benci kaɗai anka ba ni! Ku tambayi kowa!"

Ba su yarda ba, don shi da bakinsa ya shafe watanni yana gaya musu akasin haka. Indo ce ta iso da kwanon abincin ranarsa a ka. Ta kutsa tsakiyarsu ta sauke kwanon.

"Ku sake shi, bayin Allah. Mutumin ga rediyon gida ma ni ka kunna mai."

Direban ya dubi Indo, ya dubi Ladan, ya saki rigar. Aka watse ana dariya, ban da mai shago, wanda ya bi Indo har gida ya kamo kazarsa.

Kashegari motar mai ta iso. Wani saurayi da makulli ya buɗe shinge ya shiga, bai ko dubi mai gadi ba, ya yi 'yan taɓe-taɓe, janareto ya tashi, ya kulle ya tafi. Ladan yana zaune a kan benci, an riƙe masa gaban riga da fil. Can sai ga wani tsoho daga ƙauye a kan keke, waya a kunne, yana magana da ɗansa. Da ya zo daidai shingen ya rage gudu.

"Malam, ya dawo! An gode, Allah shi biya!"

Ladan ya duba hagu, ya duba dama. Babu ɗan Warra ko ɗaya a kan hanyar. Ya ɗaga hannu.

"Ba komai, Baba," ya ce. "Aikinmu ne."